Awon Basira da Jeranta Al'ummomi: Tarihin Muhawarar Kamar Yadda Ta Shafi Ƙasar Kontagora

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2002 wasu masana biyu, Richard Lynn na ƙasar Birtaniya da Tatu Vanhanen na ƙasar Finland, suka fitar da wani littafi mai suna IQ and the Wealth of Nations, inda suka jera ƙasashen duniya bisa ga abin da suka kira matsakaicin basirar mutanen kowace ƙasa. A cikin wannan jeri an ba Nijeriya maki 67. Ga wanda ya san yadda ma'aunin yake, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin an tsara shi ne a kan cewa 100 shi ne matsakaici, kuma likitoci kan ɗauki wanda bai kai 70 ba a matsayin wanda ya kamata a bincika ko yana da naƙasar ƙwaƙwalwa. Ke nan, idan aka gaskata littafin, fiye da rabin mutanen ƙasar nan suna buƙatar irin wannan bincike. Lambar kuwa daga nazari biyu kacal aka tsamo ta, ɗaya daga cikinsu a kan yaran Hausawa aka gudanar da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda muhawarar awon basira ta iso Arewacin Nijeriya, da kuma rawar da harshe ya taka a cikinta. Abin da ake son nunawa shi ne, tun kafin a kawo takardar gwaji ko guda wannan yanki, an riga an kafa tsanin da aka jera al'ummomi a kansa, kuma masana harshe suna cikin waɗanda suka sassaƙa matakalarsa. An zaɓi a dubi al'amarin daga Tungan Magajiya, wani gari da ke cikin Ƙaramar Hukumar Rijau a masarautar Kontagora ta Jihar Neja. Dalili kuwa shi ne, a wannan yanki Dukawa da Kambari da Dakarkari da Hausawa da Fulani suke cuɗanya a kasuwa ɗaya, wato dukkan matakan wancan tsani suna nan a wuri guda.

2.0 Mafarin Awon Basira

Alfred Binet da Théodore Simon su ne suka fitar da gwajin basira na farko mai amfani, a Faransa, cikin shekarar 1905. Buƙatarsu ita ce a gano yaran makaranta waɗanda karatu yake yi wa wuya domin a ba su taimako na musamman, kuma Binet bai yarda cewa abin da yake aunawa wani abu ne kafaffe da ba ya ƙaruwa ba. A 1912 William Stern na Jamus ya kawo dabarar kwatanta shekarun da yaro ya nuna a gwaji da ainihin shekarunsa na haihuwa. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara gwajin Binet a 1916, daga nan lambar da ake kira IQ ta bazu.

A Amurka ne aka juya akalar gwajin daga kan yaro ɗaya zuwa kan jinsi guda. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an gwada sojoji kimanin 1,750,000, sannan a 1923 Carl Brigham ya yi amfani da sakamakon ya jera jinsunan mutane: mutanen Arewacin Turai a sama, na Kudu da Gabashin Turai a ƙasa da su, baƙaƙen fata a can ƙarshe. Alƙaluman da ya yi aiki da su sun nuna cewa makin baƙin haure yana ƙaruwa gwargwadon shekarun da suka yi zaune a Amurka, abin da ke nuni ga sabo da Turanci da al'adun ƙasar, amma shi sai ya fassara shi da cewa na baya-bayan ne ba su kai na farko nagarta ba. Haka kuma baƙaƙen fata na wasu jihohin arewa sun fi fararen fata na wasu jihohin kudu maki. Brigham ya janye maganarsa a 1930, bayan an riga an kafa dokar taƙaita shigar baƙi ta 1924.

A Afirka, an fi yin irin waɗannan gwaje-gwaje a inda Turawa suka zauna suka mallaki gonaki, wato Kenya da Afirka ta Kudu, inda tambayar ko ɗan ƙasa zai iya ɗaukar ilmi mai zurfi take da alaƙa da wanda zai ci moriyar ƙasar. M. L. Fick ya yanke hukunci a 1939 cewa yaran baƙaƙen Afirka ta Kudu ba su kai na Turawa iya karatu ba, Simon Biesheuvel ya warware hujjojinsa a 1943. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers a kan tunanin ɗan Afirka, mutumin da ya taɓa kamanta ɗan Afirka da Baturen da aka yi wa aiki a gaban ƙwaƙwalwa. Daga cikin waɗanda suka mayar masa da martani har da Dokta T. Adeoye Lambo na asibitin Aro da ke Abeokuta.

3.0 Tsanin da Ya Riga Awo

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kontagora a tsakiyar ƙarni na sha tara, da sarautar Sarkin Sudan. Shi da ɗansa Ibrahim sun shafe shekaru suna kai hare-hare a kan Kambari da Gwari da Kamuku da sauran al'ummomin yankin. Da Turawa suka ci Kontagora a 1901, sun tarar da ƙasa mai yawan kufai, mutane da dama sun koma kan duwatsu ko cikin kurmi. Duk da haka, a 1903 suka mayar da Ibrahim kan gadonsa, saboda tsarin mulkinsu yana buƙatar sarki wanda za a mulki jama'a ta hannunsa.

Wannan tsari yana tafe da ra'insa. A cikin littafinsa na 1922, Gwamna Lugga ya kasa mutanen Afirka gida uku: ƙabilu na baya, da al'ummomin da suka ci gaba, da kuma waɗanda suka rungumi al'adun Turai. Fulani masu mulki ya ɗauke su a matsayin waɗanda suka fi kowa cancantar riƙon ƙasa, Hausawa suna bi musu, sannan waɗanda ake kira arna a ƙasa. Rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an mulki suka riƙa rubutawa, waɗanda daga irinsu aka tattara littafin O. Temple na 1919 a kan ƙabilun Lardunan Arewa, cike suke da irin hukuncin nan da jumla ɗaya takan yanke wa al'umma guda: waɗannan masu ƙwazo ne, waɗancan matsorata ne, waɗancan kuma ba su waye ba. Babu wani awo da aka yi. Jami'i ne ya sauka a gari kwana biyu ko uku, ya yi magana da mutane ta bakin tafinta, tafintan kuma galibi Bahaushe ne ko Bafulatani na fadar hakimi. An daɗe ana siffanta Kambari da gudun baƙo, alhali al'ummar da ta yi shekaru ana farautar 'ya'yanta, idan ta hango ayarin mahaya ta shige daji, hankali ta nuna.

A nan ne ilmin harsuna ya shigo. Tun a ƙarni na sha tara wasu masana Jamusawa, irin su Wilhelm Bleek da Richard Lepsius, suka ɗauki rarrabe jinsin namiji da na tamata a nahawu a matsayin alamar al'umma mai zurfin tunani, suka fifita harsunan da ke da shi a kan harsunan da ke kasa sunaye aji-aji. Da yake Hausa tana da jinsi, kamar yadda ake gani a bambancin "ya zo" da "ta zo", sai aka sanya ta cikin harsunan zuriyar Ham, wato wasu fararen makiyaya da aka ƙaddara cewa sun shigo Afirka daga arewa maso gabas suka kawo wayewa. A 1912 Carl Meinhof ya fitar da littafinsa a kan waɗannan harsuna, ya haɗa Hausa da Fulfulde da Masai da Nama da Somali a tukunya ɗaya. Fulfulde ta ba shi wahala, domin ba ta da jinsin namiji da tamata, azuzuwan suna gare ta fiye da ashirin, wato siffar da aka ce ta harsunan baya ce. Amma tun da Fulani makiyaya ne, masu hasken fata, kuma su ke riƙe da sarauta, dole a nema musu gurbi a sama, sai aka ce harshensu yana wakiltar wani tsohon mataki na dangin. A 1930 C. G. Seligman ya tattara wannan ra'i a littafinsa a kan jinsunan Afirka, inda ya danganta duk wata wayewa ta nahiyar ga zuriyar Ham, kuma aka ci gaba da sake buga littafin har 1966.

Wanda ya rushe ginin shi ne Joseph Greenberg, wanda ya yi bincikensa na farko a tsakanin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. A rubuce-rubucensa daga 1949 zuwa littafinsa na 1963 ya kafa sharaɗin cewa da hujjar harshe kaɗai za a rarraba harsuna, ba da launin fata ko kiwon shanu ba. Da aka bi wannan sharaɗi sai Hausa ta faɗa cikin harsunan Cadi, tare da Angas da Bole da Bade da wasu da dama waɗanda masu magana da su Turawa suka lissafa cikin arna. Fulfulde kuwa ta koma wurin danginta na kusa, Serer da Wolof, a cikin babban gidan Nijar-Kongo. A wannan gida ne kuma harsunan Kainji suke, wato Dukanci da Kambarci da Dakarci da Gunganci. Ashe ta fuskar asalin harshe, Bafulatanin da ke fadar Kontagora ya fi kusa da Badukken Tungan Magajiya a kan Bahaushen da ke yi masa fadanci. Nazarin da John Bendor-Samuel da Donna Skitch da Esther Cressman suka buga a 1973 a kan jumlar Dukanci ya nuna harshe mai tsararren nahawu kamar kowane harshe.

Sai dai kuma, laifi tudu ne. Tsanin nan ba Turawa kaɗai suka sassaƙa shi ba, sun tarar da wani a ƙasa suka ɗora nasu a kai. Labarin Bayajida ya raba ƙasashe zuwa Hausa Bakwai da Banza Bakwai, kuma uku daga cikin na biyun, Yawuri da Gwari da Nupe, maƙwabtan Kontagora ne. Har yau idan yaro ya fara koyon magana akan ce yana gwaranci, haka ma duk wanda Hausarsa ba ta nuna ba, an mayar da sunan al'umma guda ya zama sunan gurɓatacciyar magana. Akwai kuma barkwanci iri-iri da ke nuna wanda ba ya jin Hausa sosai a matsayin mai ƙarancin wayo. Wannan shi ne ainihin kuskuren Brigham, wato ɗaukar rashin ƙwarewa a harshen mai tambaya a matsayin rashin basira. Bahaushen da lambar 67 ta ɓata wa rai ya kamata ya lura cewa da irin wannan mudu ya daɗe yana auna wa Badukke da Bakambare.

4.0 Gwaje-gwajen da Aka Yi a Nijeriya

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da aka yi domin kwatanta tunanin al'ummomi biyu a Arewa ya shafi Nufawa, waɗanda cibiyarsu, Bida, take cikin Jihar Neja ta yau. S. F. Nadel, wanda ya karanci ilmin halayyar ɗan'adam a Biyana kafin ya zauna cikin Nufawa a tsakiyar shekarun 1930, ya buga sakamakon a 1937. Ya ba 'yan makaranta Nufawa da Yarabawa labari ɗaya ya ce su maimaita, ya kuma nuna musu hotuna ya ce su bayyana abin da suka gani. Ya lura cewa Yarabawa sun fi mayar da hankali ga dalili da yadda sassan labari suke haɗuwa, Nufawa kuma sun fi lissafo abubuwa ɗaya bayan ɗaya tare da kiyaye wuri da lokaci. Nadel bai ce wani ya fi wani ba. Ya danganta bambancin ga al'ada, har ya kwatanta shi da yadda sassaƙar Yarabawa take fitar da surar mutum, adon Nufawa kuwa zane-zane ne da ake maimaitawa. A 1939 ya sake rubutu yana jan kunnen masu ɗaukar gwajin basira daga wata al'umma su kai wata. Abin da manazarcin adabin baka zai ƙara a nan shi ne, kowace al'umma tana da nata ma'aunin abin da ake kira iya ba da labari, kuma yaro yakan maimaita labari ne a bisa salon da ya ji ana yabawa a gida.

Binciken da ya fi taɓa Hausawa kai tsaye shi ne na Robert LeVine, Dreams and Deeds, wanda ya fito a 1966. Ba basira ya auna ba, himmar neman ɗaukaka ya ce yana aunawa. Ya sa ɗaliban sakandare maza, Hausawa da Ibo da Yarabawa, su rubuta mafarkan da suka yi da kuma insha'i a kan yadda mutum yake cin nasara a rayuwa. Sakamakonsa ya sanya Ibo a sama, Yarabawa a tsakiya, Hausawa a ƙasa, ya kuma nuna Hausawa sun fi ambaton biyayya. A yi masa adalci, shi ma bai danganta wannan ga jini ba. Ya ce a ƙasar Hausa ta dā, hanyar ɗaukaka ita ce barantaka, wato mutum ya kama ubangida ya bi shi sau da ƙafa. Amma akwai tambayoyin da suka rage. A 1957 makarantun sakandare 18 ne a duk Arewa, da ɗalibai 3,643, alhali Kudu tana da 176 da ɗalibai 28,208. Wanne Bahaushe ne ke cikin waɗannan 'yan tsiraru? Ɗan fataken da ke kai kaya Gwanja ya sayo goro ba ya cikinsu, haka ma ɗan mai gidan baƙi na Sabon Ibadan, inda Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro a bisa bashi da amana. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma, bai bi ta wannan aji ba. Daɗin daɗawa, a tarbiyyar Musulmi ba kowa ake gaya wa mafarki ba, mummuna ma ba a faɗarsa sam. Abin da ɗalibi ya yarda ya rubuta wa baƙo ba lallai ne ya zama abin da ya gani a barci ba. Littafin ya fito ne a shekarar da aka yi juyin mulki sau biyu da kashe-kashe, lokacin da magana a kan wacce ƙabila ce mai himma da wacce ce mai bin iyayengiji ta riga ta zama makami.

Yanzu sai a koma ga lambar 67. Nazari na farko da aka dogara da shi na Mallory Wober ne, na 1969, a kan ma'aikata maza 86 da aka ba gwajin Raven, wato gwajin cike gurbi a cikin zane. Wober ya gwada mutanen sau biyu, makinsu ya ƙaru a karo na biyu, kuma abin da ya dame shi shi ne ko gwajin yana auna wani abu tabbatacce a wurin irin waɗannan mutane. Na biyu shi ne na E. D. Fahrmeier, na 1975, a kan yara 375 'yan shekara 6 zuwa 13 a Arewacin Nijeriya, wasu suna zuwa makarantar boko wasu ba sa zuwa, da nufin gano tasirin zuwa makaranta. Babu ɗaya daga cikin masu binciken biyu da ya fita da niyyar auna Nijeriya. Mutum 461 aka ɗora wa nauyin wakiltar ƙasar da a 2002 ta haura mutum miliyan ɗari. A 2010 Jelte Wicherts da abokan aikinsa suka sake bin nazarce-nazarcen da aka yi a Afirka kudu da Sahara, suka nuna cewa an yi watsi da da yawa daga cikin waɗanda makinsu ya fi yawa, kuma idan aka bi ƙa'ida ɗaya wajen zaɓe, matsakaicin yana kusa da 80. Sun kuma yi gargaɗi cewa ko wannan ɗin ba hujja ba ce a kan gado.

Gargaɗin yana da tushe. James Flynn ya nuna a 1984 da 1987 cewa makin waɗannan gwaje-gwaje ya riƙa hawa da kimanin maki uku a kowace shekara goma a ƙasashen da suka ci gaba, saurin da babu yadda za a yi gado ya sauya da shi. An ga irin wannan hawa a wani yankin karkara na Kenya tsakanin 1984 da 1998. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike masu yawa ya ƙiyasta cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ƙara maki ɗaya zuwa biyar. Akwai kuma abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro da gaske, kamar ƙarancin sinadarin aidin, da tamowa, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da gubar dalma. Ta ƙarshen nan ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ta sake kashe 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, kuma waɗanda suka tsira da rai ba duka suka tsira da ƙwaƙwalwa ba. Irin wannan bambanci na haƙiƙa ne, yana da sanadi, sanadin kuma yana da magani.

5.0 Me Ake Aunawa?

Kalmar Turanci ɗaya da aka gina gwajin a kanta, Hausa ta rarraba ma'anarta ga kalmomi da dama: hankali, basira, hazaƙa, fahimta, hikima, fasaha, azanci, wayo da dabara. Ba ɗaya suke ba, kuma ba daraja ɗaya gare su ba. Hazaƙa da kaifin basira su suka fi kusa da abin da gwajin yake nema, wato saurin kama abu. Wayo kuwa na Gizo ne da dila, ana sha'awarsa amma ba a cika amince wa mai shi ba, shi ya sa idan aka ce wane ya cika wayo ba yabo aka yi ba. Wadda ta fi su nauyi ita ce hankali, mai asali daga Larabci. A laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa hankali da hikima a jere da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi, wato cikin kyawawan halaye. Idan aka ce yaro ya yi hankali, ana nufin ya san abin da ya kamata, ya san gaban wanda zai yi magana da inda zai yi shiru. Hankali ke gani, in ji Hausawa, ido gululu ne.

Abin lura a nan shi ne yadda wannan kalma ta haifi bayanau. Yin abu "a hankali" shi ne yin sa sannu, cikin natsuwa. Harshen da kansa ya ɗaure hankali da rashin gaggawa, ga kuma karin maganar da ke cewa sauri ya haifi nawa. Yawancin gwajin basira kuwa da agogo ake yin sa. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya yi wa babba caraf da amsa, kada ya dube shi ido cikin ido, an zaunar da shi gaban baƙo ana ƙirga masa daƙiƙa. Ba Hausawa kaɗai ba ne: Wober ya tarar a 1974 cewa mutanen ƙauye a ƙasar Buganda suna danganta tasu kalmar, obugezi, da natsuwa da yin abu sannu, Robert Serpell kuma ya nuna cewa nzelu a wurin Chewa na Zambiya ta haɗa kaifin tunani da riƙon amana.

Wannan ba ya nufin gwajin ba ya auna komai. A tsakanin yaran da suka tashi da harshe ɗaya, suka bi makaranta iri ɗaya, yakan yi hasashen wanda zai yi ƙoƙari a aji daidai gwargwado. Matsalar tana tasowa ne idan aka ketare da shi zuwa inda aka horar da ƙwaƙwalwa a kan wani aiki dabam. A Laberiya, John Gay da Michael Cole sun tarar a 1967 cewa manoman Kpelle da ba su yi boko ba sun fi Amurkawa masu ilmi iya ƙiyasta yawan shinkafar da ke cikin kwano. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, ya kuma san sau nawa kalma kaza ta zo da wuraren da ta zo, yana iya tsayawa cak a gaban zanen Raven domin bai taɓa ganin irinsa ba.

6.0 Yaron Tungan Magajiya a Gaban Takarda

Manufar Turawa ta hana 'yan mishan shiga cibiyoyin Musulmi, tare da sakar musu ƙasashen da ake kira na arna, ta haifar da abin da masu tsanin ba su zata ba. Ƙungiyar United Missionary Society, wadda aikinta ya faro daga tashar da A. W. Banfield ya buɗe a Shonga a 1905, ta kafa tashoshi a Salka cikin Kambari da Zuru cikin Dakarkari a shekarun 1920, daga baya ta gina asibiti a Tungan Magajiya, garin da a yau yake da makarantar koyon aikin lafiya ta jiha. Inda mishan ta sauka, aji yakan biyo baya. Cikin 'yan shekaru sai 'ya'yan waɗanda aka ajiye a matakin ƙasa suka zama malaman makaranta da ma'aikatan jinya da hafsoshin soja. Ƙasar Zuru, maƙwabciyar Rijau, ita ta fitar da Janar Ishaya Bamaiyi, Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Da an ba da gwaji a yankin a 1910 aka sake bayarwa a 1970, da jerin ya sauya, jinin kuwa bai sauya ba.

Hasali ma, ita kanta ƙabilar da ake cewa an auna ba ta tsaye wuri ɗaya. Frank Salamone ya bayyana a 1975 yadda Gungawan ƙasar Yawuri suke zama Hausawa ta hanyar Musulunta da sauya harshe da sana'a, al'amarin da tayar da su daga tsibiransu saboda madatsar ruwan Kainji ya ƙara wa sauri. Mai binciken da ya rubuta "Bahaushe" a kan takardar yaro a wannan yanki, harshen da yaron ya amsa masa da shi ya rubuta.

Muhawarar ba ta mutu ba, ta sauya riga ne. A 2013, da aka bayyana makin shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya, an nemi 139 daga ɗan Jihar Anambra, an nemi 4 daga yaro namiji na Jihar Zamfara, 2 daga yarinya. Wasu sun karanta alƙaluman a matsayin shaida a kan ƙwaƙwalwar mutanen wani yanki, kamar yadda aka karanta na sojojin Amurka shekaru casa'in kafin nan. Abin da alƙaluman suka tabbatar shi ne halin da makarantun firamare suke ciki, kuma wannan ma abin kunya ne da ya isa. Yaron da ya tashi da Dukanci a gida, ya koyi Hausa a kasuwa da wurin ibada, da harshe na uku yake amsa wannan jarrabawa. Shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci ba su kasa takwarorinsu ba, har a darasin Turanci.

Mai yiwuwa a ce to a fassara gwajin zuwa Hausa a huta. Fassara ma tana da nata tarkon, kuma a nan ne aikin masanin harshe yake. A cikin gwaje-gwajen basira da aka fi amfani da su akwai sashen da ake karanta wa yaro jerin lambobi a ce ya maimaita, ana ƙara tsawon jerin har ya kasa. A 1980 N. C. Ellis da R. A. Hennelly suka nuna cewa masu jin harshen Welsh da Turanci sukan riƙe lambobi kaɗan da Welsh a kan yadda suke riƙewa da Turanci, saboda sunayen lambobin Welsh sun fi ɗaukar lokaci a baki, ƙwaƙwalwa kuwa abin da za a iya furtawa cikin ɗan taƙaitaccen lokaci take riƙewa. A Turanci, daga ɗaya zuwa tara, lamba ɗaya ce kawai mai gaɓa biyu. A Hausa kuwa ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas da tara duk gaɓa bibbiyu gare su. Jerin lambobi bakwai da ɗan Ingila zai furta da gaɓa bakwai ko takwas, yaron Tungan Magajiya da gaɓa goma sha huɗu zai furta shi, sannan a duba makinsa a jadawalin da aka tsara da yaran Ingila.